Mamurɗin Akwatin Gem

Na san wata za ta ce me ya haɗa marubuciyar littattafan soyayya da zancen gem. To 'ya'ya ne suka haɗa mu. Duk uwar da ke da ɗa namiji a birni ta san yadda shagon gem yake cinye yaro, ki aike shi sayen magi sai bayan awa biyu ki gan shi, canjin ma ya tafi, ga abokan da ba ki san iyayensu ba. Shi ya sa muka yi shawara da maigidan aka kawo abin cikin gida. Kafinta ya haɗa dogon akwati, aka sa tsohon allon kwamfuta da 'yar na'urar nan Raspberry Pi wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Sanda da madannai ba su ba mu wahala ba. Mamurɗi ne ya tsaya mana, wanda masu sayarwa ke kira sifina, kuma da kuɗin adashina za a saya, don haka na ce sai na san abin da zan biya.

Kin san kan rediyo da ake murɗawa a nemo tasha? To kusan haka yake, sai dai shi ba shi da iyaka, ko sau ɗari kika juya ba zai tsaya ba. Akwai wasannin da don shi aka yi su, kamar Tempest na kamfanin Atari a Amurka, 1981, da Arkanoid na kamfanin Taito a Japan, 1986, inda ake tare ƙwallo ana rusa bulo. Buga su da sanda kamar tuƙa tuwo ne da cokalin shayi. Ki kula kuma, akwai mai kama da shi wanda ke tsayawa dama da hagu, irin na Breakout na 1976. Idan aka miƙo miki wannan, ba shi ba ne.

A cikinsa akwai ɗan faifai mai tsage-tsage da haske ke ratsawa, na'ura tana ƙirga tsagar da ta wuce, kwamfuta kuma ta ɗauke shi tamkar linzaminta. Yawan ƙirgen nan shi ne maganar. Tempest na asali 72 yake ƙirgawa a zagaye ɗaya, Arkanoid kuwa 486. Mai ƙirge da yawa ana rage masa kaifi a cikin manhajar MAME ya zauna daidai, amma mai kaɗan in aka matsa masa sai abin tare ƙwallon ya riƙa tsalle, yaro ya ji haushi, gobe ki neme shi a shago. Maigidan ya so mai araha, ni kuwa na ƙi. Wallahi da a sayi biyu marasa kyau gara ɗaya nagari, yara su yi layi.

Sai nauyi. Wadda ta taɓa ganin kaka tana kaɗi ta san mazari ba ya daɗewa yana juyi sai da gululu. Haka mamurɗi, wani ana ɗaura masa ƙarfe a ƙasa, in an wulwula ya yi ta gudu shi kaɗai. Tempest yana son haka, amma Arkanoid so yake ka tsaya cak inda ƙwallo za ta sauko. Na zaɓi wanda nauyinsa ke cirewa, SpinTrak na kamfanin Ultimarc a Ingila, mai shiga ta USB, wanda ke zama a ramin madanni na milimita 28.

Abin da masu sayarwa ba za su tuna miki ba shi ne ƙurar hunturu. Tunda da haske yake aiki, in cikinsa a buɗe yake ƙura na zama ya fara gardama, don haka ki nemi rufaffe, ki kuma ɗinka wa akwatin riga. Kan murɗawar ma a ɗaure shi tam, don ƙananan yara ja suke yi, ba murɗawa ba.

Kada kuma ki bar kafinta ya huda katako kafin kaya su iso. A auna kaurin katakon da zurfin da ke ƙasa, a sa shi nesa da sanda kaɗan yadda gwiwar hannu ba za ta buge shi ba.