Daga Tawa zuwa Agadas: ratse ne ko tahiya?

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya fara sauka, lokacin ziyara ya yi. Manomi na ɗaure ƙunshinshi shi tahi gaida dangi, ma'aikaci ma na karɓar hutunshi shi kama hanya. Cikin irin wagga tahiya ne mutum ke jin ana ce mishi: "Tunda ka zo nan, mi zai hana ka ƙarasa can?" Maganar na da daɗin ji. Amma wani lokaci "can" ɗin kilomita 400 ne.

Haka ta faru ga wani malamin gona na wajen Madawa. Ya samu hutun kwana 10 cikin watan Disamba, ya tahi Tawa wurin yayarshi da ke aure can, shekara 3 ba su ga juna ba. A aljihunshi akwai kuɗɗin buhu 2 na wake da ya saida. Niyyarshi shi yi ma yaya alheri, abin da ya rage shi sayo ma uwargida akuya in ya koma gida.

Ranar da ya kwana 2 a Tawa, ana shan shayi bayan isha'i, mijin yayar, wanda ya daɗe shina fataucin albasa da dabino, ya tada magana:

"Malam, kai da ke koya ma mutane noma, ba ka taɓa ganin Agadas ba? Ga ta nan gaban Abalak. Ka shiga mota da sahe, ka kwana can."

Yaya ta ce: "Alhaji, bar min ƙanena shi huta. Shekara 3 ina jiran shi, yanzu za ka tura shi cikin rairayi?"

Malamin bai tanka ba. Daren nan ya kwana shina lissahi.

Na farko, hanya. Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne. Ita ce hanyar da aka yi ma kwalta wajen 1980 domin ɗauko yuraniyom daga Arlit, kuma manyan motoci sun daɗe suna taka ta. Mai hankali na ware ma zuwa yini guda, komowa yini guda. Wanda ya kwana 1 tak ya juyo, ba shi da labarin da zai ba da sai na tasha da ƙura. Birni irin wanga na son kwana 3. In an haɗa da na hanya sun zama 5, rabin hutu ke nan. Kwana 8 da yaya ta sa rai za su koma 3.

Na biyu, kuɗɗi. Akwai na mota zuwa da komowa, akwai na abinci, akwai tsaraba, don wanda ya je Agadas ba ya shiga gida hannu rabbana. Ya juya kuɗɗin wake ta nan, ya juya ta can, ya ga akuya da Agadas ba su shiga aljihu guda.

Na uku, mi ke can wanda babu a Tawa ko Madawa? Nan ne zuciyarshi ta fara karkata. Agadas ita ce mazaunin Sarkin Abzin tun ƙarni na 15. Babban masallacinta an gina shi wajen 1515, aka sake gyara shi a 1844. Hasumiyarshi ta laka ce zalla, tsawonta mita 27, da itatuwa soke a jikinta inda magina ke taka ƙafa in za su yi yaɓe. Tsohon gari unguwa 11 ne, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya. Nan Shehu Usman ɗan Hodiyo ya je neman ilimi wurin Malam Jibril ɗan Umar. Nan Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya sauka a 1850. Nan kuma Kawsan da mutanenshi suka tsare sojojin Faransa cikin barikinsu daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Ga kuma sauƙi guda: Hausa ce harshen kasuwar Agadas, baƙo daga kudu ba ya neman tahinta.

Na huɗu, lokaci da lahiyar hanya. Cikin Afrilu da Mayu zahin Agadas na wuce digiri 40. Da damina kuwa koramu na tasowa ba sallama. A watan Satumba 2009 ruwan Telwa ya rushe gidaje masu yawa cikin gari. Disamba lokacin sanyi ne, sai dai a riƙe bargo. Batun tsaro kuma ba a wasa da shi. Arewa ta ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, ta sake gani daga 2007 zuwa 2009, kuma hanyar daji ba ta rasa ƴan fashi. Labarin hanya na jiya ba shi ne na yau ba. Don haka da gari ya waye ya tahi tasha, ya tambayi direbobin da suka sauko daga arewa ranar nan, ba masu hira a bakin titi ba.

Da ya komo ya ce ma Alhaji: "In kana da mai masauki can, zan je. In babu, na haƙura." Alhaji ya ce akwai abokin cinikinshi kusa da kasuwa, ya kira shi nan take. Saura yaya. Ya zamna gabanta ya ce: "Yaya, ki yi min izini. Kwana 5 zan yi, in komo in ƙara kwana gidanki kahin in wuce." Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce: "Zumunta a ƙafa take, amma ƙafarka ba ta zama. Allah shi kiyaye hanya. Ka sayo min cuku."

Ya sa takardar ɗan ƙasa cikin aljihu, ya shiga motar sahe, ya sauka Agadas da dare. Ya hau hasumiya ta wani matsattsen matakala, ya ga gari duka ja kamar ƙasar da aka gina shi da ita, ya hango duwatsun Abzin daga arewa. Ya zamna wurin maƙeran azurfa shina kallon yadda suke zuba sarƙar nan da ake kira da sunan garin. A kasuwa ya ga kantu da beza da dabino, waɗanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fashi, ayarin da ke tashi wajen watan Oktoba shi ratsa Tenere. Ya gane cewa gishirin da shanun Madawa ke lasa ya sha tahiyar da ta hi tashi nesa ba kusa ba, kuma geron kudu ne ke komawa can madadinshi.

Amma abin da ya hi yi mishi amfani bai cikin lissahinshi. Mai masaukin ya haɗa shi da masu garka na Tabelot da suka kawo albasa. Su suna dasawa da damina, suna ban ruwa daga rijiya, suna cirewa da kaka zuwa farkon sanyi, daidai lokacin da albasar Galmi da Madawa ta yi ƙaranci kuma kuɗɗinta ya hau. Ya yini shina tambayarsu iri da reno da yadda suke kare shuka daga ruɓewa, shina rubutawa. Shekara da shekaru shina jin "albasar Agadas" a bakin ƴan kasuwa. Ranar nan gani ya kori ji.

Ribar ba ta zo kyauta ba. Yaya ta karɓi cukunta, amma ba ta ɓoye cewa kwana 3 sun yi mata kaɗan ba. Uwargida ta samu ƴan kunne na azurfa, ta kuwa tambayi inda akuya take. Sai wata kakar.

To, ƴan uwa, wanda hutu ya kai Tawa ko Damagaram aka kwaɗaita mishi Agadas, shi tambayi kanshi abu 4: Ina da kwana 5 da zan ba ta? Ina da mai masauki? Na ji labarin hanya daga bakin direban da ya sauko yau? Na san abin da zan bari domin ta, kuma na gaya ma masu hakki tun kahin in tashi? In amsa "i" ce duka, shi ɗaure kaya, Agadas ta isa a je ta. In guda ta rasa, shi zamna wurin dangi shi sha hura, shi ware mata tata tahiya daban, ko cikin watan Muharram lokacin bikin Biyanu. Hasumiyar da ta yi shekara 500 tsaye za ta jira shi.