Gadon Baƙon Tela a Unguwar Birik

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, da dare yake sauka, rana na fitowa ya tafi. Akwai baƙon da wannan karin maganar ba ta kama ba, shi ne telan da ya baro ƙasar Hausa ya sauka a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, ya buɗe shago, ya koyar da yara, ya tsufa a can, aka kuma rufe shi a can. Irinsa suna da yawa. Wani daga Kano ya taso, wani daga Zariya, wani daga Maraɗi ko Damagaram. Labarinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa za a iya ba da shi kamar na mutum guda.

Hanyar da ya biyo tsohuwa ce. Tun kafin Jamusawa su kafa sansaninsu a Yawunde wajajen 1889, fataken Hausawa suna ratsa ƙasar Adamawa, su bi ta Banyo da Tibati da Yoko suna neman hauren giwa da goro. Da sansanin ya zauna da gindinsa, sai fataken suka yi zango a kusa da shi. Jamusawa sun bar garin a 1916, Faransawa suka gaje su, kuma a shekarun 1930 aka mayar da Hausawa gefen da ake kira Ekudu. A nan akwai wurin da ake gasa tubali tun zamanin Jamus, daga gare shi unguwar ta samo sunanta na Faransanci, wanda mazauna suka gajarta zuwa Birik. Duk inda fatake suka yi zango, sai malami ya biyo, mahauci ya biyo, wanzami ya biyo. Maɗinki ma ba ya daɗewa bai iso ba, domin mutumin da ya yi nisa da gida yana son ya sa tufar gida ranar Juma'a.

Abin da telan ya zo da shi bai cika jaka ba: almakashi, allura, zare, da abin da ke cikin kansa. Na cikin kan shi ne jarin. Ya san yanka babbar riga da 'yar ciki da wando, ya san inda aljihu zai zauna da yadda linzami zai kewaye wuya, ya san bambancin aska biyu da aska takwas, ya san nauyin aikin malum-malum. Wannan ilimi ne da ya daɗe a biranen Hausa da Nufe, inda sau da yawa malamai ne ke zana fasalin aikin a jikin yadi, almajirai su bi zanen da allura. Saboda haka ɗinki da koyarwa tare suka taso, kuma tare suka yi ƙaura.

A Yawunde ya tarar da abin da bai saba da shi ba. Gari ne na daji da ruwan sama mai yawa, mutanensa na asali Ewondo ne, harshen ofis kuma Faransanci. Masu kawo masa ɗinki ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Fulanin Garwa da Marwa da Ngaundere, akwai Bamun na Fumban waɗanda fadarsu ta rungumi babbar riga tun zamanin Sarki Njoya, akwai dillalan shanu na kasuwar Etudi da mahautan da ke kai-komo a mayankar da ke can. Bayan samun 'yancin Kamaru a 1960, Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya riƙa bayyana cikin babbar riga da hula, har tufar ta zama ta shiga taron hukuma. A Etudin nan ne aka gina fadar shugaban ƙasa da ake amfani da ita tun 1982. Dole telan ya yi tunani. Ya rage faɗin riga don ma'aikacin da zai zauna a kujerar ofis, ya sassauta aiki don mai ƙaramin ƙarfi, ya koyi sarrafa atamfar kamfanin CICAM don matan da ba su taɓa sa kayan Hausa ba. Wanda ke irin wannan aiki a Paris, mai ƙirƙirar fasalin tufafi ake ce masa. A Birik sunansa tela.

Shagonsa makaranta ce da ba ta da allo. Uba yakan kawo ɗansa ya ce, "Malam, ga amana, na ba ka shi duniya da lahira." Yaron yakan fara da shara da hura gawayin dutsen guga, sannan a ba shi maɓalli ya ɗaura, sannan a bar shi ya taka keke a kan ƙyalle. Almakashi ne ƙarshen abin da ake danƙa masa, domin ɗinkin da ya karkace ana farke shi, yadin da aka yanka ba daidai ba kuwa sai dai a biya. Kafin a kai nan, yaro ya koyi abin da ya fi yanka wuya: kada ya taɓa ragowar yadin mutane, kada ya yi alkawarin Sallah alhali ya san ba zai cika ba. Ranar da aka yaye shi, akan yi addu'a, maigida ya sa masa albarka, wani lokaci ya haɗa masa da tsohon keke.

Masu nazarin harshe suna da abin dubawa a wannan shago. Kalmar tela ita kanta daga Ingilishi aka aro ta, ta zauna kusa da maɗinki wadda ta fito daga ɗinka. A Yawunde rigar da Bakano ke ce wa babbar riga ana kiranta gandura ko bubu, kamar yadda tsiren Birik ya zama soya a bakin kowa. Yaron shago yakan yi awo da Faransanci, ya yi ciniki da Fulatanci, amma sunayen aiki da Hausa yake riƙe su, domin da ita aka koya masa. Idan aikin hannu ya mutu, waɗannan kalmomi za su bi shi, tun da babu wani wuri da ake furta su sai a bakin aiki.

Barazanar kuwa a fili take. Keken surfani yana gama a yini abin da hannu ke yi a watanni. Gwanjo ya cika kasuwar Mokolo da ke maƙwabtaka da unguwar. Karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta tsauwala farashin shadda da zaren da ake shigowa da su. Yaran yanzu kuma suna ganin kabu-kabu ya fi shekarun koyo saurin kawo kuɗi.

Akwai wanda ya bi irin wannan hanya ya yi suna a duniya. Alphadi, wanda aka haifa a Tumbuktu a 1957 ya kuma girma a Nijar, ya yi karatun sana'ar a Paris, ya kafa bikin nunin tufafi na FIMA a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, hukumar UNESCO ta karrama shi a 2016. Sunansa yana manne a wuyan kowace riga da ya fitar. Telan Birik bai taɓa manna sunansa a riga ba. Duk da haka, tsofaffin unguwa sukan dubi wuyan rigar saurayi a harabar babban masallaci su faɗi shagon da ta fito, har su faɗi wanda ya koya wa mai shagon.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi wannan ya ɗauko gidan a kan yatsunsa, ya raba wa 'ya'yan mutane. Abin da ya rage ga masu nazarin Hausa shi ne su zauna da dattawan da suka saura a shagunan Birik, su rubuta sunayen aiki da silsilar wanda ya koya wa wane, tun akwai masu iya faɗa.