Faɗuwar Rana a Dogon Dutsi

Mu 'yan Ƙofar Rini a bayan rufin kwano rana ke faɗuwa mana, sai mun ji kiran sallar magariba mu san ta tafi. Wanda ya hau Dogon Dutsi ne zai gane faɗuwar rana aba ce da ake zama a kalla.

Zumunci ya kai mu. Gwaggonmu tana aure a can tun ba a haife mu ba, kuma rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya raba mu da ita wata da watanni. Da hanya ta buɗe, muka bi Kware, Gwadabawa da Illela, muka tsallaka Birnin Ƙonni, muka miƙe yamma.

Garin yana kwance ne cikin Dallol Mawri, kwarin wani tsohon kogi da ya ƙafe shekaru dubbai. Ruwansa ne ya zaizaye ƙasa mai taushi, ya bar tuddan da marmara ta lulluɓe, shi ya sa samansu a baje kamar faifai, gefensu a tsaye kamar ganuwa. Sauran ruwan yana ƙarƙashin rairayi, don haka rijiya ba ta zurfi a kwarin, gawo da goriba ke tsaye a wurin.

Bayan la'asar ɗan gwaggo ya hau da mu. Da rana ta sunkuya, bangon dutsen ya yi jajir kamar garwashi, ya koma ruwan ƙasa, inuwa ta taso daga ƙasan kwarin tana cinye shi kaɗan-kaɗan. Ƙurar shanun da ke komawa gida ta zama ruwan zinari. Duk surutunmu na Sakkwatawa, sai muka yi tsit.

Ya nuna mana arewa, wajen Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa a 1899, shekara huɗu kafin Turawan Ingila su shiga Sakkwato a 1903. Su biyun ne suka ja layin da ke tsakaninmu da gwaggo. Daga bisa mun duba, ƙasar ɗaya ce har inda ido ya tsaya.

Mun sauko da duhu, muka tarar da ita a kan tabarma. Ƙafa ta daɗe da hana ta hawa.

"Kun hango Sakkwato?" ta tambaye mu.

Muka ce a'a, Gwaggo, da nisa.

Ta ce, "Ina amarya, kullum da marece nake hawa in duba."