Mutum na Uku

A daren wata Alhamis a Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, wani matashi yana kallon tsohon bidiyo a wayarsa, mahaifinsa kuwa yana gefe yana ƙirga kuɗin da zai yi sammako da su zuwa karar Wudil. Bidiyon na gasar kartar foka ta duniya ne, wadda aka yi a Las Vegas ta Amurka a 2004. Matashin bai taɓa zuba ko sisi a caca ba, domin addini ya haramta ta, shari'ar da Kano ta ƙaddamar a 2000 ma ta hana. Lissafin wasan ne ya ja hankalinsa.

A wannan wasa, ana ba kowa kati biyu a rufe, sai a yi zagayen zuba kuɗi tun kafin a baje kati uku na tsakiya. A nan ne ake yin dabarar da ake kira matsi. Wani ya buɗe da ƙari, na biyu ya bi shi daidai, sai na uku ya ɗora ƙari mai nauyi, ninki huɗu ko biyar, domin dukansu su janye ya kwashe abin da suka zuba.

Haka Dan Harrington, zakaran gasar ta 1995, ya yi a teburin ƙarshe. Josh Arieh ya buɗe, Greg Raymer ya bi, sai Harrington ya ɗora ƙari mai kauri alhali shida da biyu ne kawai a hannunsa, katin da ke cikin mafi rauni. Dukansu suka ajiye.

Abubuwa uku ne suka yi masa aiki. Arieh mai yawan buɗewa ne, saboda haka ba lallai ne ya riƙe wani abin kirki ba. Raymer kuma ya riga ya tona kansa, domin da katinsa na da ƙarfi sosai, da ƙarawa ya yi maimakon bi. Sannan Arieh ya shiga tsaka mai wuya: a gabansa ga mai ƙari, a bayansa ga wanda bai san abin da zai yi ba. A kan waɗannan duka akwai sunan da Harrington ya yi na taka-tsantsan. Mutumin da aka san ba ya motsi a banza, ran da ya motsa ana gaskata shi.

Matashin ya tuna ya taɓa ganin irin wannan a kara. Wani ya taya sa, mai shi ya ce albarka. Na biyu ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka sake cewa albarka. Mahaifinsa, da ke tsaye shiru tun ɗazu, sai ya yi tayi guda mai tsawo, mutanen biyu suka dubi juna suka wuce.

Ya miƙa wayar, ya ce, "Baba, ai dabararku ce wannan."

Dattijon ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa shiga ciniki ba sai bayan an ce albarka, domin idan mai kaya ya karkata ga wani, shiga tsakani haramun ne. Kuma bai taɓa taya abin da ba zai iya biya ba, domin tayin da babu niyyar saye a cikinsa shi malamai ke kira najashi. Bature na iya yin barazana da hannu wofi, idan an kama shi ya yi asarar kuɗi ya tashi. A kara kuwa, da zarar an ce an sallama, ko dai ka biya ko dillalai su daina sauraron bakinka.

"Abu ɗaya na yarda da shi," in ji shi. "Wanda ya ƙara kaɗan ya faɗa maka iyakar aljihunsa."

Ya naɗe kuɗin, ya cusa a aljihun 'yar ciki, ya ce wa ɗan ya kwanta, domin da asuba tare za su tafi.