Gashaka Gumti: Mu Je Mu Gani Tun Yana Nan

Jama'a, da an fara maganar hutu a ofis sai lissafin kuɗin Dubai ko Masar. Ni dai nawa na bana a Taraba na yi shi, gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda aka kafa a 1991.

Daga Serti muka shiga, da ma'aikatan gandu suna mana jagora. Kurmi ne mai duhu, da rana tsaka ma da ƙyar haske ke taɓa ƙasa. Akwai birai kala-kala, har da cimfanzi mai kama da mutum. A nan dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Kwanaki ake yi ana hawansa a ƙafa. Ga sanyin Mambila kuma, wallahi sai da na nemi bargo biyu a Gembu.

Abin da ya dame ni shi ne saran madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, ana lodinta zuwa Chaina. Ga farauta, ga haƙar ma'adinai ta ɓarauniyar hanya. Kogunan da ke gangarowa daga duwatsun nan su ke ciyar da Binuwai. In aka aske kurmin, manomi da masunci da makiyayi ne za su fara ji a jikinsu.

Kuɗin shiga da na jagora da kake biya suna nuna wa mutanen yankin cewa dajin a tsaye ma yana kawo abinci. Don Allah a shirya tafiya da rani, a ɗauki yara, kar a bar leda ko ɗaya a baya.

Allah Ya kare mana shi.