Shin Da Gaske Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

Akwai maganar da na sha ji a wajen dubiya da zaman makoki, ana faɗarta da cikakken yaƙini: wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar likita ya kai masa wuƙa ko allura sai ya fantsama. Kafin mu auna ta, bari mu fara da sanin mene ne ƙari.

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙwayoyin halitta, kowace tana rabuwa biyu idan da buƙata, ta mutu idan wa'adinta ya cika. Umarnin wannan tsari a rubuce yake cikin kowace ƙwaya. Idan rubutun ya sami tangarɗa, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har zuriyarta ta taru ta zama dunƙule. Wannan dunƙulen shi ne ƙari.

Ƙari iri biyu ne. Akwai mai zama inda ya tsiro, kamar ƙullutun kitse a ƙarƙashin fata ko ƙarin mahaifa da ke damun mata da yawa. Yana iya girma har ya takura, amma ba ya ƙaura. Akwai kuma mai kutsawa cikin naman da ke maƙwabtaka da shi, ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya yada zango a huhu, hanta ko ƙashi. Shi ne ciwon daji. Shi ya sa likitoci ke kasa shi mataki 1 zuwa 4: a na farko yana nan ƙarami wuri guda, a na huɗu ya riga ya yi nisa. Hannu ba ya bambance su da tabbaci. Sai an ɗebi ɗan ƙanƙanin nama daga ƙarin, an duba shi da madubin likita.

Wannan ɗiban ne wata goggona ta guje wa. Ta ji ƙullutu a ƙirjinta, ba ya mata zafi, sai ta rufe zancen kusan shekara biyu tana shafe-shafen magani. Ranar da aka kai ta asibiti, cutar ta riga ta isa ƙashin bayanta. Da ta rasu, na ji mata a tsakar gida suna cewa allurar likita ce ta tayar da shi.

A nan maganar take samun gindin zama. Masu ciwon da dama ba sa zuwa asibiti sai cutar ta gama yaɗuwa a ɓoye, sai ƙarfe, da ya zo a ƙarshe, ya ɗauki laifin jinkiri. Wadda aka cire wa nata tun yana kamar ƙwayar gyaɗa ta warke kuwa, ba ta cika ba da labari ba, don haka shaidar ɓangare ɗaya kawai muke ji.

Sankarar mama sau da yawa ba ta zafi a farkonta, saboda haka rashin zafi ba dalilin kwanciyar hankali ba ne. Duk ƙullutun da ya yi makonni bai baje ba, a kai shi gaban likita. Galibi za a tarar ba daji ba ne. Idan kuma shi ne, tun yana mataki na farko wuƙar da ake tsoro ta fi komai amfani.