Ba A Auna Gero Da Ma'aunin Zinariya

Jama'a, kowa ya san ba a auna gero da ma'aunin zinariya. Wanda ya ce sai ya yi haka, rana za ta faɗi bai sallami mai saye ko ɗaya ba. Ni da nake cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta a nan Abuja, na ga wannan hikima ta 'yan kasuwa ta shafi aikinmu ƙwarai.

Ita kwamfuta tana ajiye lamba ne a cikin gurabu, kowane gurbi ba ya ɗaukar kome sai 0 ko 1. Lamba mai gurbi 32 tana riƙe alƙaluma wajen 7 daidai, mai gurbi 64 kuwa wajen 16. Amma babbar tana cin wuri ninki biyu, ɗauko ta daga ma'ajiya kuma ya fi cin lokaci. In lissafin kaɗan ne ba a jin bambanci. In ya kai biliyoyi, jinkirin sai ya fito fili.

Kada mai karatu ya ce wannan ba ruwansa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, watau NiMet, mai hedkwata a Abuja, kowace shekara takan sanar da lokacin da ake sa ran faɗuwar damina. 'Yan'uwana manoma a ƙauye sukan tambaye ni abin da ta ce kafin su zuba iri. Hasashen yanayi kuwa lissafi ne tsagwaronsa, kuma wanda ya iso bayan ruwa ya sauka ba shi da amfani.

A 2021 babbar cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta sauko daga gurbi 64 zuwa 32 a yawancin lissafinta. Aikin injinta ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, hasashen kuma bai lalace ba. Dalili shi ne, ma'aunin zafi da na iska tun asali ba sa ba da alƙaluma 16, to, me za a adana a cikinsu? Da rarar da aka samu sai aka ƙara hawa-hawan sararin sama da ake lissafawa daga 91 zuwa 137.

Sai dai fa a yi hattara. A 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse wajen daƙiƙa 40 bayan tashinta, domin an cusa lamba mai gurbi 64 cikin mai gurbi 16, wadda ba ta wuce 32,767.

Saboda haka shawarata ga matasanmu masu koyon wannan sana'a ita ce, kafin ku zaɓi ma'auni ku dubi abin da za ku auna, ku kuma tuna da mai jiran amsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.